Wa Ya Yafe wa Wa a Bakin Kogin Curaray?

Wani abokin aikina Kirista ne ya turo mini fim ɗin, ya ce in kalla in gaya masa ra'ayina tsakani da Allah, kada in ji nauyinsa. Sunan fim ɗin End of the Spear, wato ƙarshen mashi, kuma ya fito a Amurka a watan Janairun 2006. Na kalla, kuma ba zan ɓoye ba, wajen ƙarshe sai da idona ya ciko. Amma bayan kwana biyu sai na ji wani abu yana sukata a rai kamar ƙaya a tafin ƙafa. Da na bi diddigin labarin da aka gina fim ɗin a kansa, sai na gane abin da ke sukata: an nuna mini yafiya ta gaskiya, amma an nuna mini ita daga ɓangare guda, kamar alƙalin da ya saurari mai ƙara ya share hawaye, ya tashi kotu tun wanda ake ƙara bai gama magana ba.

Ga yadda abin ya faru. A gabashin ƙasar Ekwador, cikin dajin Amazon, tsakanin kogin Napo da kogin Curaray, akwai wata al'umma da ke kiran kanta Waorani, ma'ana mutane. Maƙwabtansu 'yan ƙabilar Kichwa kuwa Auca suke ce musu, kalmar raini da ke nufin mutanen daji marasa tarbiyya. A shekarun 1950 ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, amma duk yankin tsoronsu ake ji, domin baƙon da ya shiga ƙasarsu da wuya ya fito. A ƙarshen 1955 wasu samari 'yan mishan daga Amurka suka ƙudurta kai musu bishara. Su biyar ne: Jim Elliot, Ed McCully, Pete Fleming, Roger Youderian, da matuƙin jirginsu Nate Saint. Nate ya ƙirƙiro wata dabara mai ban sha'awa: sai ya riƙa zagaye a sama da ƙaramin jirginsa, ya zuro bokiti da doguwar igiya, bokitin ya tsaya kusan cik a ƙasa. Ta haka suka yi makonni suna aika adduna da tukwane da tufafi. Waorani su ma suka fara mayar da biki, har da aku mai rai suka taɓa sakawa a bokitin.

A farkon Janairun 1956 suka sauka a wani fili na rairayi a bakin Curaray, suka yi sansani. Ranar Juma'a 6 ga wata mutum uku suka fito daga daji, namiji ɗaya da mata biyu, budurwa da wata babbar mace, aka yini lafiya, har aka ɗauki namijin, Nenkiwi, aka zaga da shi a jirgi. Ranar Lahadi 8 ga wata mayaƙa suka zo suka soke su biyar ɗin da mashi. Suna da bindigogi, amma sun riga sun yanke shawara tun farko cewa ba za su kashe kowa don kare kansu ba. Mujallar Life ta buga labarin da hotuna, duniya ta ɗauka. Ɗan Nate Saint, Steve, saura 'yan makonni a lokacin ya cika shekara 5.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa labarin bai mutu ba. A watan Oktoban 1958 Rachel Saint, yayar Nate, da Elisabeth Elliot, matar Jim, tare da 'yarta Valerie mai shekara 3, suka shiga daji suka zauna a cikin mutanen da suka kashe musu ƙani da miji. A 1965 aka yi wa Steve baftisma a cikin kogin da aka kashe ubansa, kuma waɗanda suka tsoma shi a ruwan, Kimo da Dyuwi, suna cikin maharan. Wani daga cikinsu kuma, Mincaye, ya zama kamar uba a gare shi, 'ya'yan Steve suna kiransa kaka, sun yi ta yawo tare a biranen Amurka suna ba da labari, har Mincaye ya rasu a watan Afrilun 2020.

Ni dai ban ga abin kushewa a nan ba. Duk wanda aka taɓa kashe wa nasa ya san abin da ke cikin cin abinci kwano ɗaya da wanda ya yi kisan. A shari'ar Musulunci ma magadan wanda aka kashe an ba su zaɓi, ko ƙisasi, ko diyya, ko yafiya, kuma an yaba wa wanda ya yafe domin an san ba kowa ke iyawa ba. Saboda haka masu cewa matan nan siyasa ce kawai ta kai su, ko neman suna, ban yarda da su ba. Mai neman suna ba ya ɗaukar 'yarsa ƙarama ya kai ta inda aka soke ubanta. Rachel kuwa a can ta yi mafi yawan sauran rayuwarta, a can aka binne ta a 1994.

Matsalata da fim ɗin daga wurin da ya fi sa mutane kuka ta fara. A ƙarshensa an nuna Steve ya girma ya dawo, jarumin da aka kira Mincayani ya kai shi bakin kogi, ya tono masa wani ɓangare na jirgin ubansa, ya ce shi ne ya kashe shi, ya miƙa masa mashi ya ce ya rama. Steve ya ɗaga mashin, jikinsa na rawa, sannan ya sauke. Wannan bai faru haka ba. Shi kansa Mincayani na fim haɗe-haɗen mutane ne aka dunƙule aka yi mutum ɗaya. Gaskiyar abin ita ce Steve tun yana yaro yake zuwa hutu wurin gwaggonsa Rachel, mutanen nan su suka koya masa farauta da zaman daji, shaƙuwa ta shiga a hankali, shekara da shekaru, ba tare da wata rana guda da za a nuna a ce yau aka yafe ba. Cikakken bayanin yadda aka kashe ubansa ma sai a shekarun 1990 ya ji shi daga bakinsu.

Wani zai ce ai fim ne, dole a sa gishiri. Na sani. Amma gishirin nan ya canza ɗanɗanon miyar gaba ɗaya. Ya koya wa mai kallo cewa yafiya abu ne na minti biyu, mai laifi ya durƙusa, wanda aka cuta ya yi ta maza ya sauke makami, kiɗa ya tashi, shi ke nan. Duk wanda ya taɓa zama a zauren sulhu, ko na gado ne ko na gona, ya san ba haka ake yi ba. Ana shan hannu a gaban dattawa, amma zuciya sai ta ɗauki shekaru kafin ta bi hannun, kuma abin da ke jawo ta shi ne ƙananan abubuwa: gaisuwar mutuwa, rakiyar asibiti, aron garma. Labarin Steve na ainihi ya fi na fim ɗin kama da wannan, ya kuma fi shi amfani, amma ba ya cika ido a majigi, sai aka ajiye shi.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Wane ne ya kawo ƙarshen kashe-kashen? Masu bincike da suka bi salsalar iyalan Waorani har kakanni biyar sun gano cewa wajen mutum huɗu cikin kowane goma da suka mutu, 'yan uwansu Waorani ne suka kashe su. Ramuwar gayya ce ke cin su: ka kashe ubana, in kashe ɗan uwanka, 'ya'yanka su jira su girma su nemo ni. Kuma ruwa ba ya tsami banza. Tun lokacin da kasuwar roba ta yi tashe, daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, 'yan kasuwa ke shiga dazuzzukan Amazon suna kama mutane suna bautar da su. A shekarun 1940 kamfanin mai na Shell ya yi ta bincike a gefen ƙasarsu, aka yi ta arangama. Baƙo a wurinsu, wanda suke kira kowodi, abin tsoro ne da suke zaton yana cin naman mutum. Su ma mutum biyar ɗin, wata ƙarya ce ta ci su. Nenkiwi ya koma gida shi da budurwar nan su kaɗai, ba tare da babbar matar da ke rakiyarsu ba, 'yan uwanta suka fusata, sai ya kare kansa da cewa baƙin ne suka kai musu hari suka watse. Rigimar aure ce ta cikin gida ta faɗa kan waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Bayan sun yi kisan, maharan suka ƙone gidajensu suka nutsa daji, suna jiran ramuwa, domin a saninsu haka duniya take. Ramuwar ba ta zo ba. Wannan ya girgiza su, babu shakka. Amma masana ilimin al'umma da suka zauna da su daga baya sun nuna cewa Waorani sun daɗe da gajiya da jinin, sun sha gwada sulhu a tsakaninsu yana rushewa, domin babu wanda zai amince cewa ɗayan ya ajiye mashi da gaske. Abin da sabon addinin ya ba su shi ne hanyar da mutum zai ce na daina, a kuma yarda da shi. 'Yan mishan sun kawo tsani, amma masu hawan su ne Waorani. Gikita, dattijon da ya jagoranci harin Curaray, da ire-irensa su ne suka zauna gari ɗaya da waɗanda suka kashe musu iyaye, ba baƙi biyar ba, dangi bila adadin. In ana maganar yafiya mafi tsada a wannan labari, ga ta nan, kuma ba Ba'amurke ne ya yi ta ba.

Sannan ga Dayuma. Yarinya ce Bawaoraniya da ta gudu daga daji a shekarun 1940 bayan an kashe mahaifinta, ta ƙare tana aikin ƙarfi a gonar wani mai kuɗi. Daga bakinta Rachel ta koyi harshen, wanda ba shi da dangi a cikin harsunan duniya da aka sani. Ita aka kai Amurka a 1957 aka nuna a talabijin. Ita ce ta koma wurin danginta a 1958, ta yi musu magana da harshensu, ta dawo ta ce wa matan nan biyu su zo, an yarda. Ba don ita ba, da babu wanda zai taka ƙafarsa can ya kwana. Tana cikin fim ɗin, ba a manta da ita ba, amma muryar da ke ba da labari daga farko har ƙarshe ta Steve ce. Kai, har waɗanda suka fito a matsayin Waorani ba su ba ne. A ƙasar Panama aka ɗauki fim ɗin, da mutanen Embera, kuma harshen Embera ake ji a bakinsu. Mai kallo a Amurka bai damu ba, duk mai ɗaure da ganye a wurinsa ɗaya ne. Ka yi tunanin a shirya fim a kan Kano, a ɗauko mutanen wata ƙasa suna wani yare, a ce ai duk baƙaƙe ne. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Na ukun shi ne abin da fim ɗin ya yi shiru a kansa, kuma shi ne ya fi sukata. A 1967 kamfanin Texaco ya haƙo mai a arewa maso gabashin Ekwador. Ƙasar Waorani, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 20,000, tana kan hanya. A daidai wannan lokaci Rachel da Dayuma, ƙarƙashin ƙungiyar fassara Littafi Mai Tsarki da ake kira SIL, suna ta ƙoƙarin tattaro sauran rukunonin Waorani zuwa wuri ɗaya, Tihueno. Ana bin su da jirgin sama, ana kiransu ta lasifika da muryoyin 'yan uwansu, ku taho, ku taho. A 1969 gwamnati ta keɓe musu wani yanki da bai kai kashi ɗaya cikin goma na ƙasarsu ta asali ba. Zuwa 1973 mutum fiye da 500 ne cunkushe a wurin, mutanen da suka saba zama gida-gida nesa da juna, suna bin namun daji. Abinci ya yi ƙaranci. A 1969 cutar shan inna ta ɓarke a cikinsu, ta kashe fiye da mutum goma, ta nakasa wasu. Fim ɗin ya nuna annobar, amma ya nuna ta a matsayin lokacin da 'yan mishan suka yi jinyar abokan gaba har zukata suka yi laushi. Jinyar gaskiya ce. Abin da ba a faɗa ba shi ne tara mutanen da aka yi wuri guda shi ya share wa cutar hanya. Dajin da suka bari kuwa, sai ga titi ya ratsa shi daga garin Coca zuwa kudu, rijiyoyin mai da 'yan ci-rani suka biyo baya. Sunan titin har yau Via Auca. Sunan zagin ne aka ɗora wa hanyar da aka bi aka cinye ƙasarsu.

Ban ce Rachel 'yar aiken kamfanin mai ba ce. Ta yi imani cewa in ba a janye mutanen nan daga gaban injinan haƙa ba, harbe su za a yi, kuma wannan tsoro ba na banza ba ne. Amma kyakkyawar niyya ba ta hana ɓarna zama ɓarna. Ita kanta SIL ta gane an yi kuskure, domin wani masaninta, James Yost, ya ba da shawarar a bar mutane su bazu, kuma a tsakiyar shekarun 1970 ƙungiyar ta janye Rachel daga wurin na wani lokaci. A 1981 Shugaba Jaime Roldós ya sa hannu a dokar da ta kawo ƙarshen yarjejeniyar gwamnati da SIL. Elisabeth Elliot tun a 1961 ta bar wurin, bayan saɓani da Rachel kan yadda ake tafiyar da aikin. Wato su kansu 'yan mishan ɗin sun yi ta muhawara a kan abin da suka aikata. Fim ɗin ne kaɗai bai ga abin muhawara ba.

To ga tambayar da na mayar wa abokina: a cikin wannan labari, Waorani ba su da abin da za su yafe? Sun kashe mutum biyar, an yafe musu, duniya ta yi shekara saba'in tana tafi. Su kuma an raba su da yawancin ƙasarsu, an gurɓata musu koguna, cuta ta kashe musu yara. Wa ya durƙusa a gabansu ya miƙa musu mashi? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sulhun da ɓangare ɗaya ne kullum mai neman gafara, ɗayan kullum mai bayarwa, yana da wata illa a ɓoye: yana tabbatar wa mai bayarwar cewa shi ne babba, shi ne wayayye, kuma ba a binsa bashin komai.

Abokina ya kawo hujja mai ƙarfi, kuma dole in faɗe ta. Ya ce dattawan Waorani Kiristoci ba su ɗauki kansu a matsayin waɗanda aka yaudara ba. Mincaye da bakinsa ya yi ta faɗa cewa da suna rayuwar fushi da kisa, yanzu sun sami wata hanya, kuma wane ne ni da zan zauna a nan in ce bai san abin da yake faɗa ba? Masu shirya fim ɗin ma sun ce da farko dattawan ƙin yarda suka yi, sai da aka ba su labarin harbin da aka yi a makarantar Columbine a jihar Colorado a 1999, inda ɗalibai biyu suka kashe 'yan uwansu, sannan suka ce in labarinsu zai taimaki Amurkawa su daina kashe juna, a yi. Wannan magana ta burge ni ƙwarai, domin ta juya hoton gaba ɗaya: mutanen da aka kira 'yan daji ne ke tausaya wa Amurka, suna aika mata da wa'azi. Sai dai hujjar tasa ni ta ƙara wa ƙarfi. Mutanen da ke da wannan zurfin tunani sun isa a ba su makirufo su ba da labarinsu dukansa, har da ɓangaren da ba zai yi wa masu sauraro daɗi ba.

A shekarar da wannan fim ya fito, an fitar da wani na gaskiya a kan mutum biyu na Kaduna, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. Abin da ya sa nasu ya fi zauna mini shi ne kowannensu ya zo da rauninsa, kowannensu kuma ya zo da laifinsa. Babu mala'ika, babu shaiɗan. Dukansu sun amsa cewa sun jagoranci matasa zuwa faɗa, dukansu sun faɗi yadda zargi ya daɗe a zukatansu bayan sun fara aiki tare. In za a yi fim a kan sulhu, wannan ne ma'aunin da nake riƙe da shi.

Kuma mashin bai ƙare ba, ko da sunan fim ɗin ya ce ya ƙare. Wasu rukunoni, Tagaeri da Taromenane, sun ƙi fitowa, suka ƙara nutsawa daji, aikin mai da masu saran katako suna matse su. A watan Yulin 1987 wani bishop na Katolika ɗan Sifen, Alejandro Labaka, da wata sista 'yar Kolombiya, Inés Arango, suka sauka daga jirgi mai saukar ungulu don su riga ma'aikatan mai isa wurin Tagaeri, suna tsoron abin da zai faru in masu bindiga suka fara zuwa. Kashe su aka yi da mashi. A 2003 wasu Waorani suka kai hari kan Taromenane suka kashe mutane da dama, yawanci mata da yara. A watan Maris na 2013 Taromenane suka soke wani dattijo Ompore da matarsa Buganey, danginsu suka ɗauki bindigogi suka bi sawu, suka yi kisa mai yawa, suka dawo da yara mata biyu. Ramuwar gayyar nan ce dai, sai dai yanzu da harsashi, a gefen rijiyoyin mai.

Jikokin waɗanda aka tara a Tihueno kuwa wani fagen suka koma. A 1990 gwamnati ta ba Waorani takardar mallakar fili mai faɗin hekta sama da 600,000, amma ta riƙe abin da ke ƙarƙashin ƙasa, wato man. A watan Afrilun 2019 wata matashiya, Nemonte Nenquimo, wadda ita ma ta yi zama a hannun 'yan mishan tana ƙarama, ta jagoranci al'ummarta zuwa kotu a garin Puyo, suka yi nasarar hana gwamnati sayar da kusan hekta 200,000 na dajinsu ga kamfanonin mai, bisa hujjar cewa ba a nemi yardarsu yadda doka ta tanada ba. A watan Agustan 2023 aka yi ƙuri'ar raba gardama a duk faɗin Ekwador, kusan kashi 59 cikin 100 suka zaɓi a daina haƙar mai a wani yanki na gandun dajin Yasuní, inda Tagaeri da Taromenane ke yawo.

Da na gama jero wa abokina waɗannan, sai ya yi shiru, can ya ce to ai wannan fim na biyu ne, ba wanda ya turo mini ba. Na ce haka ne, kuma shi nake jira. Ina so a fara shi da yarinyar nan Dayuma tana gudu a cikin daji bayan an kashe ubanta, a bi ta gonar da ta yi bauta, a bi ta ɗakin talabijin a Amurka inda ake nuna ta kamar abin kallo, a dawo da ita gida ta sulhunta danginta, sannan a tsaya da ita a Tihueno a 1969 tana kallon mutanen da ta kira da bakinta suna mutuwa da shan inna. Ta rasu a watan Maris na 2014, shekara guda bayan harin da aka kwaso yaran nan biyu.